Shinkafar da ke tsere wa ruwa da wadda ke riƙe numfashi

Bayan ambaliyar 2020, wadda Kogin Isa ya kai kusan mita 7 a Yamai a watan Satumba ya shafe fadamun shinkafa na Kirkissoye, wata ɗaliba ta yi mini tambaya a aji. Ta ce, "Malam, me ya sa shinkafar babana ta ruɓe, amma burgu yana nan kore a saman ruwa?" Abin da aka koya mana a makarantar horar da malamai bai wuce zanen ƙwayar halitta da sunayen sassanta ba. Na ce mata zan bincika.

Labarin ya faro tun 1665, sa'ad da Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga ƴan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Kowane ɗaki mai rai yana da bango, cikinsa kuma ruwa ne da ke tunkuɗa bangon da ƙarfin da kan zarce iskar tayar mota. Wannan matsin ne ke tsayar da ganye, shi ya sa yake yanƙwanewa in ƙishi ya kama shi. Zaren bangon kuwa a naɗe yake kamar ɗamara, don haka in bango ya saki, ɗakin tsawo yake yi maimakon faɗi. Sai a 1992 Daniel Cosgrove da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarin da ke sassauta bangon, suka sa masa suna expansin.

To ina ruwan wannan da ambaliya? A 1983 Hans Kende da abokin aikinsa sun nuna cewa in ruwa ya rufe shinkafar ruwa mai zurfi, iskar etilen, wadda ita ce ke nunar da ayaba, takan taru a cikin karanta ta rasa hanyar fita. Wannan ne ke sa gaɓoɓin su miƙe, har kara ya ƙara santimita 20 ko fiye a yini guda. A 2009 masana a Nagoya ta Japan suka gano ƙwayoyin gado biyu da ke ba da wannan umarni. Burgu ma tsawo yake yi ya bi ruwa, karansa mai ratsa iska yana iyo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne manoman wannan kogi sun riga masanan sanin halin. Shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, masana da dama sun ce a kwarin Isa cikin Mali ta yau aka fara nomanta, shekara wajen 3,000 da suka wuce, kuma akwai irinta mai tashi tare da ruwa. Mun sake ta ne don irin Asiya gajere ya fi yabanya a fadamun da ake ba ruwa da famfo.

Sai dai tsere ba ya yin amfani ko yaushe. In ruwa ya zo farat ɗaya ya janye, dogon karan faɗuwa yake yi. A 2006 aka gano ƙwayar gado mai suna Sub1A a wata tsohuwar shinkafar Indiya, wadda dabararta akasin haka ce: takan tsayar da girma, ta adana abincinta, ta jure nutsewa har mako biyu. Daga nan aka fitar da Swarna-Sub1 a Indiya a 2009, sannan FARO 66 da FARO 67 a Najeriya a 2017. Ina jin iyaye manoma na da haƙƙin tambayar masu raba iri wanne ake ba su, ko da yake ruwan da ya kwana fiye da mako biyu a gona, kamar namu na wancan karon, ya fi ƙarfin wannan ma.

Da na koma aji, karan burgu na ɗauko daga bakin kogi, na yanka guntu tsakanin gaɓoɓi biyu, na miƙa wa ɗalibar. Ta tsoma bakin ɗaya a kofin ruwa ta hura, kumfa ta taso.