Kamfanin U.A.C. da Manoman Katsina Laka

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin yankin da Katsinawa ke kira Katsina Laka, watau kudancin ƙasar, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙasa kuma ta fi nauyi. A da an fi sanin wuraren nan da sunan Pauwa da Kogo, maƙwabtan Maska. Tun kafin zuwan Turawa auduga ce dukiyarsu: mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini, fatake kuma na ɗaukar tufafi zuwa Kano da arewa. Abin da za a duba a nan shi ne yadda wani kamfani na Ingila, wanda asalin sana'arsa dafa sabulu ce, ya shiga tsakanin manomin yankin da amfanin gonarsa, alhali bai mallaki ko kunya ɗaya ta gona ba.

Mai kamfanin, William Lever, ya yi arziki da sabulun Sunlight a kusa da Libaful. Sabulu kuwa ba ya yiwuwa sai da mai, don haka ya nemi a ba shi manyan filaye a Afirka ta Yamma ya dasa kwakwar manja. Gwamnatin Ingila ta ƙi. A Arewa dokar ƙasa ta 1910 ta riga ta sa filaye duka a hannun Gwamna bisa amanar 'yan ƙasa, daga baya kuma Gwamna Clifford ya tsaya kai da fata a kan kada a ba baƙi gonaki. A Kongo ne Lever ya sami abin da ya ke so cikin 1911. A Nijeriya, da ya ga an hana shi ƙasa, sai ya nemi sikeli. Cikin 1920 ya sayi Niger Company a kan kuɗi fiye da fam miliyan 8, sai bayan an gama ciniki ya tarar ana bin kamfanin bashin fam miliyan 2, abin da ya kusa durƙusar da shi. Cikin 1929 aka haɗa Niger Company da African and Eastern Trade Corporation aka sami United Africa Company, watau U.A.C. A shekarar nan kuma Lever Brothers ya shirya haɗuwa da kamfanin Margarine Unie, mai yin man shafa wa burodi, suka zama Unilever. Ke nan babban mai bukatar mai a Turai ya zama uban gidan babban mai sayen gyaɗa a Nijeriya.

Lokacin da jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, auduga Turawa suka sa rai zai riƙa kwasowa don masaƙun Mancesta. Manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, har abin da aka fitar cikin 1913 ya haura tan 19,000. Katsina Laka ta bambanta, gama laka ta fi karɓar auduga, gyaɗa kuwa sai inda ƙasa ta yi jigawa. Da aka gama hanyar jirgi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929, Funtuwa ta zama tasha mai kantuna da injin gurzar auduga, amfanin gonar Pauwa da Kogo kuma ya sami ƙofar fita. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka kafa gonar yawaita irin auduga tun cikin shekarun 1920, ana raba irin Amurka da a ke kira Allen ta hannun hakimai da dagatai. Gurza aikin ƙungiyar B.C.G.A. ne, amma saye a fuloti na kamfanonin ciniki ne, babbansu kuwa U.A.C.

Dabarar kamfanin ita ce riƙe igiya ta baki biyu. Ba ya zuwa ƙauye da kansa. Yakan ba manyan dillalai kuɗi da haja tun kafin kaka, mafi shaharar su Alhassan Ɗantata na Kano, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su rarraba wa nasu, har abin ya kai ga manomi a matsayin bashi, lokacin da rumbunsa ya yi ƙasa. Da kaka ta yi, sai a zo karɓar haraji, shi kuwa ba a biyansa da dami sai da tsabar kuɗi. Manomi ba shi da halin jira farashi ya tashi. Tilas ya kai kayansa sikeli sa'ad da kowa ke kaiwa. Manyan kamfanonin kuma sukan yi yarjejeniya a tsakaninsu don kada su yi ta ƙara wa juna farashi. Abin da ya rage bayan haraji da bashi, yawancinsa kanti ya ke komawa: akoko, atamfa, gishiri, kananzir, sabulu. Wanda ya sayi audugar shi ne ya sayar da yadin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma fa kada a ɗauka manomi ya miƙa wuya. Shekaru da yawa masaƙan gida sun fi kamfani biya, auduga mai yawa ba ta taɓa ganin fuloti ba. Ma'aikatan gona sun yi ta ƙorafi cewa manoma ba sa shuka auduga sai sun gama da dawa da gero, abin da ke rage yabanya. Su Turawa sun kira shi taurin kai, amma lissafi ne na mutumin da ya san ba a tuƙa tuwo da auduga.

Inda laifin tsarin ya fito fili shi ne cikin kariyar ciniki ta shekarun 1930. Farashin gyaɗa ya faɗi har bai kai rabin na da ba, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Don ya sami kuɗin da ya saba biya, sai manomi ya ƙara noma abin da ya karye, gyaɗar da a ke fitarwa ta ƙaru maimakon ta ragu. Kamfani yana iya rufe wani kanti ko rage ma'aikata, manomi ba shi da inda zai juye asararsa sai rumbunsa. Ba daidai ba ne a ɗora wa kamfani yunwa irin 'Yar Gusau ta 1942, gama fari da bukatun yaƙi su ne kan gaba. Sai dai gidan da bashi ya riga ya ci rabin amfaninsa, shi yunwa ke fara samu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gwamnati ta karɓi cinikin. Cikin 1942 aka kafa hukumar kula da amfanin gona ta Afirka ta Yamma, wadda ta raba wa kamfanoni rabon saye bisa gwargwadon abin da kowanne ya saba saye, watau ta tabbatar wa babba girmansa. Cikin 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga, cikin 1954 kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta gaje su. Kamfani ya zama wakili mai lasin, yana cin kamasho ko farashi ya hau ko ya sauka, rarar da a ke tsamewa daga manomi kuwa ta koma baitulmalin hukuma. Daga ƙarshen shekarun 1950 U.A.C. ya fara janye hannu daga sayen amfanin gona, ya mai da ƙarfinsa ga masana'antu da manyan kantuna irin Kingsway. Ya bar sikeli ga 'yan ƙasa tun kafin sikelin ya mutu.

Farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa cikin 1975 suka rushe dalar gyaɗa, aka soke hukumomin ciniki cikin 1986, Unilever kuma ya sayar da hannun jarinsa na U.A.C. ta Nijeriya cikin 1994. Daga nan dangantakarsa da ƙauyukan Katsina Laka ta zama ta sayarwa kaɗai, cikin ƙananan ƙullin garin sabulu da ɗanɗanon miya daidai aljihun wanda ba ya iya sayen kwali. Ko wannan ciniki ya gamu da cikas sa'ad da 'yan bindiga suka hana noma da cin kasuwa a wurare da dama na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 cikin Disamba 2020. Cikin 2023, da darajar naira ta yi ta faɗuwa, Unilever Nigeria ya ba da sanarwar daina yin sabulun wanki da na wanka, har da Omo da Sunlight.