Hannu nawa ne a cikin turkudi guda?

A hutun makaranta na bana na ba da kaina don taimaka wa masu shirya baje kolin tufafin gargajiya a nan Damagaram. Da suka ji ni malamin makaranta ne, sai suka ɗora mini rubuta ƴan takardun bayani da ake liƙawa ƙarƙashin kowane kaya. Na ɗauka aikin yini guda ne, har na iso kan wani tsohon turkudi da wata dattijuwa ta ara mana daga adudunta. A rajista an rubuta cewa ba a san wanda ya yi shi ba.

Gaskiya ne, domin ba mutum ɗaya ya yi shi ba. Manomi ya shuka auduga. Mata suka gurje ta, suka kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye sirara, maɗinki ya harhaɗa su. Marini ya tsoma a karofi cikin baba da toka, sau da yawa, har ya yi baƙi. Daga nan mabugi ya buge shi da shuni sai da ya yi ƙyalli. Garin Kura ta ƙasar Kano shi ya fi shahara da wannan aiki, Abzinawa kuwa su ne manyan masu saye.

Damagaram na tsakiyar wannan ciniki. Ayarin da ya taso daga Kano yakan bi ta nan zuwa Agadas da Gat, har Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa Tarabulus da Tambutu. A kan hanyar dawowa ayari ke kawo alharini, jan silikin da ake ƙawata manyan riguna da shi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya kudu, atamfar Turai ta cika kasuwa, masaƙa suka yi ta raguwa.

Na rubuta sana'o'in nan shida a takardar, ɗaya bayan ɗaya. Ranar buɗewa na kawo ƴan ajina. Wata yarinya ta karanta, ta ce kakarta na da mazari, amma ita ta ɗauka abin wasa ne.

Maganarta ce ta sa na rubuta wannan. Iyaye, kafin a yar da tsohon saƙi ko luru, a buɗe shi gaban yara, a gaya musu wa ya kaɗa zaren, a ina aka rina. Malamai kuma, mu tura su gida da tambaya tun tsofaffin suna nan. Zanen yakan daɗe a adudu, amma masu sanin labarinsa ƙarewa suke yi.