Gilashin Kyamara: Wanne Za Ka Fara Saya, Kuma Yaushe?

Matasan Gwarzo da Kabo masu ɗaukar bidiyon waƙa da na biki na yawan tambayata gilashin da ya dace da mai ƙaramin jari. Shawarata: riƙe 18-55mm ɗin da ya zo da kyamararka, ya ishe ka ɗaukar taro da rana. Sai ka ƙara 50mm f/1.8. Yana jan haske sosai, ko da magariba ce, ya fito da fuskar mawaƙi tar, ya dusashe bayansa. Na Canon yana da araha, na Yongnuo ya fi shi sauƙi. Sai dai a kyamara irin 600D yana matso da hoto kamar 80mm, don haka a ƙaramin ɗaki zai takura ka.

Duba bakin gilashin tukuna: na Nikon ba ya hawa Canon sai da adafta.

Batun lokaci kuwa, Jumia da Konga na rangwamen Black Friday a Nuwamba. Fara rubuta farashi tun Oktoba, domin wani ragin a baki kawai yake. In na hannu za ka saya, shiga Kano da kyamararka, ka gwada shi, ka haska tocila ciki ko akwai ƙura ko funfuna, kafin ka biya.