Harajin Gina Gidaje a Birnin Biyana, 1923 zuwa 1934

A wannan takarda za mu duba yadda hukumar Biyana, babban birnin Ostiriya, ta yi amfani da haraji wajen samar wa marasa muhalli matsuguni bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tun kafin yaƙin, ma'aikata da dama ba su da ɗaki, sai dai su yi hayar gado na 'yan sa'o'i a gidan wani. A 1917 aka yi dokar da ta hana ƙara kuɗin haya. Da darajar kuɗi ta faɗi, sai haya ta zama ba ta da riba, masu hali suka daina gini, talakawa kuwa suka kafa bukkoki a bayan gari.

A 1922 birnin ya zama jiha mai ikon sanya harajinta. Hugo Breitner, mai kula da baitulmalin birnin, ya fito da harajin gina gidaje a 1923, wanda ba a kashe shi a kan komai sai gini. Mai zaune a ƙaramin ɗaki kaɗan yake biya, nauyin kuwa yana kan manyan gidaje. Aka kuma sa haraji a kan motoci da dawakin hawa da barorin gida, aka cike da sauran kuɗin shiga na birnin.

Abin lura shi ne ba a ci bashi don ginin ba, saboda haka ba a nemi masu haya su mayar da kuɗinsa ba. Abin da suke biya na gyara ne da kula da gida, shi ya sa lebura yake iya biya. A 1923 majalisar birnin ta ƙudura gina gidaje 25,000; kafin 1934 an gina fiye da 60,000.

Amma masu dukiya da gwamnatin tarayya ba su yarda da tsarin ba. Tun daga 1931 aka rage kason birnin daga kuɗin tarayya, gini ya ja baya. A Fabrairun 1934 gwamnatin Dollfuss ta rushe hukumar birnin da ƙarfin soja.

Daga bayanan nan muna iya cewa ikon sanya haraji shi ne harsashin aikin, kuma nan abokan hamayya suka fara sara. Gidajen dai suna nan, har yau a hannun hukumar birnin suke.