Malam Muhammadu Alkashinawi: Baƙon Ƙasar Hausa a Birnin Alƙahira

Mu da muka baro Gafasa da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi muka zauna a Kano, Kaduna, Legas ko Abuja, mun san cewa kwanakin farko a birni su ne masu wuya, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Wannan ne ya sa a bana muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wani malami daga ƙasar Hausa wanda ya sauka a birnin Alƙahira ta Masar kusan shekaru ɗari uku da suka wuce, ba dangi, ba dukiya, sai ilmin da ke ƙirjinsa.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wato Bafulatanin Katsina. Ya yi karatu a gida, ya tafi aikin Hajji, sannan a farkon shekarun 1730 ya gangaro Alƙahira, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Turkawa tun shekarar 1517.

Me baƙo irinsa ke tararwa? Da farko dai cinkoso. Lokacin da Faransawa suka mamaye Masar a 1798 sun ƙiyasta mutanen birnin da kimanin 260,000, adadin da babu wani birni a ƙasar Hausa da ya kusance shi. Lunguna ƙuntatattu ne, benaye sun yi musu rumfa, kuma unguwanni na da ƙofofin da ake kullewa da dare, don haka wanda magariba ta riske shi bai sami masauki ba ya shiga uku. Ruwan sha daga kogin Nilu ake ɗauko shi cikin salkuna bisa raƙuma da jakuna. Wanda ya bi babban titin da ya taso daga ƙofar Babu Zuwaila zai ratsa kasuwanni har ya kai Khan Alkhalili, inda kowace sana'a ke da layinta, kamar dai yadda muka sani a kasuwar Kurmi. Sai kuma matsalar harshe: Larabcin da malaminmu ya koya a zaure na littafi ne, na 'yan kasuwar Masar kuwa daban yake.

Amma akwai wuri guda da baƙuncin ke raguwa, shi ne masallacin Azhar, wanda aka fara sallah a cikinsa a shekarar 972. A can akwai ɗakunan ɗalibai da ake kira ruwaƙi, kowace al'umma da nata, na Magribawa, na Shamawa, na Turkawa, na Jabartawa, ana kuma raba wa ɗalibai gurasa daga dukiyar waƙafi. Mutanen yankinmu ma ba baƙi ba ne a Masar, tun da sarakunan Kanem sun tanadi makaranta da masauki domin mutanensu a can tun cikin shekarun 1240. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganinmu shi ne littattafan. Muhtasar ɗin da ake biyawa a zaurukan Katsina da Kano, mawallafinsa Shehu Halilu mutumin Masar ne, kuma Shehun Azhar na farko, Alharashi, wanda ya rasu a 1690, Bamalike ne da ya yi wa Muhtasar sharhi. Ashe ɗalibin da ya ƙware a gida, in ya zauna a da'irar karatu a Azhar, bakin zaren da ya bari zai kama. Mu tsofaffin malaman makaranta wannan batu na yi mana daɗin ji.

Masaukin da Alkashinawi ya samu ya zo ne ta hanyar ilmi. Shehu Hasan Aljabarti, masanin taurari da lissafi, ya karɓe shi a gidansa. Shi kansa Aljabarti jikan baƙi ne, kakanninsa daga yankin Habasha suka zo, kuma gidansu ne ke shugabantar ruwaƙin Jabartawa. Mai masauki bai tsaya ga ciyarwa ba, har karatu ya ɗauka wurin baƙonsa.

Fannin da malamin ya shahara a kai shi ne wafaƙi, abin da almajiranmu ke kira hatimi: gidaje ne a jere da ake cika su da lambobi, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai bayar. Mafi sauƙinsa mai gida 9 ne, a zuba 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina masu layukan mara, wato 3, 5, 7 da sauransu. Malamai sun sha bamban a kan amfani da hatimi wajen asiri, wannan kuwa ba fagenmu ba ne. Masana tarihin lissafi na yau dai suna ambaton aikinsa a matsayin lissafi tsantsa.

Bai komo gida ba. Ya rasu a gidan Aljabarti a shekarar 1741, daidai da 1154 Hijira, bayan ya yi wasiyyar cewa mai masaukinsa ne zai kula da littattafansa da abin da ya bari. Ɗan Shehu Hasan, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa fiye da shekaru goma bayan rasuwar, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, kuma a cikin littafinsa Aja'ibul Asar ya sanya tarihin baƙon mahaifinsa a jerin manyan malaman da suka rasu a birnin.