Bambancin Koyon Babba da na Yaro: Nazarin Lissafi a Azuzuwan Yaƙi da Jahilci na Madawa, Buza da Keita

Babban da ya shiga ajin yaƙi da jahilci a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa yana zuwa da lissafinsa a ka. Wannan maƙala na nuna cewa a nan ne ya fi rabuwa da yaro.

Malcolm Knowles, a littafinsa na 1970, ya kafa hujja cewa babba shi ke jan ragamar karatunsa, kuma yana koyon abin da zai yi masa amfani nan take. Rabin maganar daidai ne. Sai dai Knowles ya gina ta ne a kan manyan Amurka waɗanda suka riga suka yi boko. Bai yi tunanin mai noman albasa da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Helen Abadzi ta fi kusa da gaskiya, da ta nuna cewa babba na shan wuya kafin idonsa ya saba da haruffa.

An kwatanta waɗannan ra'ayoyi da yadda ake ƙirga kuɗi da koyon aiki a yankin.

Koyon aikin hannu bai taɓa gagarar manya ba. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya samu yawancin ma'aikatansa daga mata, kuma a fili suka koyi jera duwatsun tare ruwa da dashen itatuwa. Matsalar tana kan takarda. A kasuwar Madawa ana ƙirga sefa da dala, wato faran 5. Takardar da aka buga wa 500 sunanta ɗari, ta 1000 kuma jaka. Yaro ɗan firamare yana karɓar lambar yadda malami ya rubuta, don babu wani tsohon lissafi da zai ture. Shi kuwa dillalin albasa, wanda ke haɗa kuɗin buhu talatin a ka ba kuskure, sai ya riƙa ninkawa da biyar kafin ya rubuta abin da bakinsa ya faɗa. Malamin da bai lura ba yakan ɗauka ɗalibin ne ba ya ganewa, alhali aiki biyu yake yi a lokaci guda. Kuma dattijon da aka gyara wa lissafi a gaban surukinsa da wuya ya dawo aji.

Nazarin ya tsaya ga masu jin Hausa, ban da Buzayen Keita. 

Wannan bai taɓa hukuncin ba: darasin lissafi na manya ya kamata ya fara daga dala da jaka, sannan a kai ga lambar da ke jikin takardar kuɗi.