Zaɓen Manhajojin Tambaya da Amsa a Manyan Azuzuwa: Nazari a Kan Kahoot!, Mentimeter, Quizizz da Plickers

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin manhajoji huɗu da malamai ke amfani da su wajen jefa wa ɗalibai tambaya ana tsakiyar darasi, a kuma karɓi amsarsu nan take. An ɗora nazarin a kan binciken da masana suka wallafa daga shekarun 1970 zuwa 2020, da kuma yadda aka tsara kowace manhaja. Maƙalar ta gano cewa amfanin da ake jingina wa waɗannan manhajoji ya samo asali ne daga tilasta wa kowane ɗalibi ya yi tunani ya amsa, da kuma abin da malami ya yi da amsoshin. Saboda haka ta ba da shawarar a auna kowace manhaja da ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin kayan aiki a ajin, musamman a makarantun arewacin Nijeriya inda cunkoso da tsadar data suka zama ruwan dare.

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa a Nijeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san takardar daban, ajin daban. A jami'o'i da kwalejojin ilimi kuwa, darussan da suka wajaba a kan kowa sukan tara ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lakca guda. A irin wannan aji, idan malami ya ce "Kun gane?" sahun gaba ne ke amsa "Mun gane, Malam," na baya kuwa Allah kaɗai Ya san inda hankalinsu yake.

Wannan giɓi ne manhajojin tambaya da amsa suka ce za su cike. Suna da yawa, kowacce da tallarta, kuma malami kan zaɓi wadda ya gani a wajen wani taron bita ba tare da ya tambayi kansa ko ta dace da ajinsa ba. Abin da maƙalar ke son amsawa shi ne: da wane ma'auni ya kamata a yi zaɓin?

2.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

Tun kafin wayar hannu ta shigo aji masana suke bin diddigin tambayar malami. A shekarun 1970, Mary Budd Rowe ta nazarci sautin darussan kimiyya da aka naɗa a Amurka, ta gano cewa malamai ba su cika jira fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan sun yi tambaya. Idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Wannan sakamako yana da muhimmanci a nan, domin za a ga wasu manhajojin an gina su ne a kan akasinsa.

A 1991 Eric Mazur, malamin Fiziks a Jami'ar Harvard, ya fara wata hanya bayan ya lura cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyin fahimta masu sauƙi. Yakan dakatar da lakca, ya jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya yi tunani shi kaɗai ya kaɗa ƙuri'a. Daga nan sai ɗalibi ya juya ga maƙwabcinsa ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, sannan a sake kaɗa ƙuri'a. Crouch da Mazur (2001) sun nuna cewa muhawarar ta fi amfani idan waɗanda suka dace da amsa a zagayen farko suna tsakanin kashi 35 zuwa 70 cikin ɗari. In sun gaza haka, tambayar ta fi ƙarfin ajin, sai malami ya sake bayani. In sun zarce, a wuce gaba.

Mai shakka zai ce ai kwafa kawai ake yi daga wanda ya sani. Smith da abokan aikinta (2009) sun gwada wannan a darasin kimiyyar gadon halitta a Jami'ar Colorado. Bayan muhawara sai su kawo wata sabuwar tambaya mai kama da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai. Masu dacewa sun ƙaru, har a rukunin da babu wanda ya san amsa tun farko.

Manyan alƙaluma ma sun goyi bayan haka. Hake (1998) ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 a kwasa-kwasan Fiziks 62, ya sami ma'aunin ci gaba na 0.23 a azuzuwan lakca zalla, 0.48 a azuzuwan da ake sa ɗalibai aiki da muhawara. Freeman da abokan aikinsa (2014) sun haɗa bincike 225, suka ga masu faɗuwa sun kai kashi 33.8 a lakca zalla, kashi 21.8 a ɗaya ɓangaren. Ta fuskar riƙe karatu kuwa, Roediger da Karpicke (2006) sun nuna cewa bayan mako guda, ɗaliban da aka riƙa yi wa gwaji sun tuna kashi 61 na abin da suka karanta, waɗanda suka yi ta maimaita karatun kawai suka tuna kashi 40.

Binciken da ya fi shafar batun zaɓen manhaja shi ne na Lasry (2008) a Kwalejin John Abbott ta Kanada. Ya koyar da rukuni biyu da hanyar Mazur, ɗaya yana amsawa da na'urar dannawa, ɗayan yana ɗaga katin takarda. Bai sami wani bambanci na a-zo-a-gani a fahimtarsu ba. Fifikon na'ura, a cewarsa, yana wajen malami ne: ita ke ƙirga amsoshi daidai ta kuma adana su. Wannan bincike ya kamata kowane shugaban makaranta ya san da shi kafin ya sa hannu a takardar sayen kaya.

3.0 Hanyar Nazari

An zaɓi manhajojin huɗu ne domin kowacce tana wakiltar salo daban. An auna su da tambayoyi uku: me ake buƙata a hannun ɗalibi, wace ɗabi'a manhajar ke sakawa da maki, kuma me take bar wa malami bayan an tashi. Ba a sa farashi a ma'aunin ba, saboda kamfanonin suna yawan sauya adadin mahalartan da suke bari kyauta. Malami ya duba wannan a makon da zai yi amfani da manhajar.

4.0 Sakamakon Nazari

4.1 Kahoot! da Matsalar Sauri

Kahoot! ta fito daga ƙasar Nowe. Tushenta wani bincike ne da Farfesa Alf Inge Wang ya fara a 2006 a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Trondheim, aka buɗe ta ga jama'a a 2013. Tana mayar da aji tamkar filin gasar kacici-kacici: kiɗa, agogo mai ƙirgawa, da jerin sunayen waɗanda ke kan gaba bayan kowace tambaya. Wang da Tahir (2020) sun yi bitar bincike 93 a kanta, suka ruwaito cewa tana ƙara armashin aji, kuma a mafi yawan lokuta tana inganta sakamako. Ba a manta cewa Wang yana cikin waɗanda suka haifi manhajar ba, amma bitar ba ta ɓoye koke-koken ɗalibai ba: yankewar intanet, wahalar karanta rubutu a allon majigi, matsin lokaci, da rashin damar sauya amsa bayan an tura.

Tsarin makinta ne ya cancanci a tsaya a kai. Amsa daidai tana kawo maki har 1,000, amma makin yana raguwa da tafiyar agogo har ya sauka zuwa rabi. A ce an ba da daƙiƙa 20. Ɗalibar da ta danna a daƙiƙa ta 4 za ta sami 900. Wanda ya danna amsa iri ɗaya a daƙiƙa ta 16 zai sami 600. A tambayoyi goma tazarar ta kai 3,000, alhali dukansu sun san karatun. Me ya jinkirta na biyun? Wataƙila sabis ɗin layinsa ne ke rawa. Wataƙila yana can ƙarshen ɗaki yana ƙyafta ido don ya hango allo. Wataƙila kuma tambayar da Turanci take, sai da ya juya ta zuwa Hausa a zuciyarsa kafin ya zaɓa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi fahimtar darasi, amma allon sakamako zai nuna shi a ƙasa a gaban 'yan ajinsu. Ga kuma Rowe da ta ce a jira. Ana iya tsawaita lokaci ko a cire maki gaba ɗaya, sai dai idan an cire su, an cire abin da ya sa aka zaɓi Kahoot! tun farko. Wurinta shi ne bitar abin da aka riga aka koya, kamar kalmomin fannu ko shekarun tarihi, a aji mai madaidaicin girma.

4.2 Quizizz da Mentimeter

Quizizz, wadda aka kafa a Indiya a 2015 aka kuma sauya mata suna zuwa Wayground a 2025, tana nuna tambaya da zaɓuɓɓuka a wayar ɗalibi, kowa ya tafi da saurinsa. Wannan ya rage dogaro da majigi, kuma ana iya ba da ita a matsayin aikin gida. Mentimeter ta Suwidin, wadda aka kafa a 2014, allon gabatarwa ce da ake cusa ƙuri'a a cikinta, kuma ba ta neman suna. Wannan ɓoye suna ba ƙaramin abu ba ne a inda kunya ke hana ɗaliba ɗaga hannu a gaban maza, ko inda babban mutum da ya dawo ƙaro karatu ba ya son 'ya'yan cikinsa su ga ya kuskure. Mentimeter ce ta fi dacewa da hanyar Mazur a ɗakin lakca, da sharaɗin malami ya ɓoye sakamakon zagayen farko, don kada jama'a su bi inda rinjaye ya karkata.

Dukansu biyun, kamar Kahoot!, a salon da aka fi amfani da su, suna ɗauka cewa kowane ɗalibi yana da babbar waya mai caji da data. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma aljihun ɗalibi ne ke ɗaukar nauyin. Mai ƙaramar waya ta madannai ya fita daga wasan tun ba a fara ba. Makarantun sakandare da dama kuma sun haramta wa ɗalibai shiga da waya ɗungurungum.

4.3 Plickers

A nan wayar malami ce kaɗai ke aiki. Kowane ɗalibi yana riƙe da kati mai ɗauke da wani baƙin zane mai kusurwa huɗu, kowane gefe da ƙaramin harafi: A, B, C ko D. Idan ya zaɓi B, sai ya juya katin gefen B ya koma sama, ya ɗaga. Malami ya tsaya a gaba ya zagaya da kyamarar wayarsa daga dama zuwa hagu, sunaye suna bayyana ɗaya bayan ɗaya. Zanen kowane kati daban yake, haruffan kuma ƙanana ne, don haka na kusa ba ya iya satar amsa. Firinta da takarda mai kauri sun wadatar; in za a lulluɓe katin da leda, a guji mai sheƙi, domin hasken taga yana hana kyamara karantawa.

Iyakarta a fili take. Katunan 63 ne kacal, ba ta karɓar amsa a rubuce, kuma ɗaki mai duhu yana ba ta wahala. Ajin da ya haura ɗalibai 63 sai a raba kati ɗaya ga benci guda, wanda hakan ma yakan tilasta muhawara kafin a ɗaga. A lakcar mutum ɗari uku kuwa, takarda guda da aka naɗe gida huɗu aka rubuta manyan haruffa tana yin aikin, ko da yake malami zai ƙiyasta da ido ne, ba abin da zai adana.

5.0 Ingancin Tambaya

Kowace manhaja aka ɗauka, abin da za ta nuna wa malami bai wuce abin da tambayar ta tono ba. A ɗauki darasin jinsi a nahawun Hausa. Malami ya tambaya: wanne ne cikin waɗannan sunaye yake jinsin mace? A, gida, B, ruwa, C, Kano, D, littafi. Amsar ita ce C, tunda ana cewa "Kano ta cika." Wanda ya zaɓi A ko B ba kame-kame ya yi ba, ya haddace ƙa'idar cewa sunan da ya ƙare da wasalin "a" mace ne, bai san tana da togaciya ba. Idan rabin aji suka faɗa can, malami ya san takamaiman abin da zai gyara, kuma ajin ya shiga zangon da Crouch da Mazur suka ce muhawara tana amfani. Rubuta tambaya irin wannan guda uku ya fi cin lokaci a kan koyon manhajar kanta. Malamin Hausa ya kuma gwada ƙ, ɗ da ɓ a allon kafin ranar darasi, domin ba kowane salon rubutu ne ke nuna su daidai ba.

6.0 Maki da Bayanan Ɗalibai

Akwai kwaɗayin mayar da sakamakon manhaja makin gwajin aji, tunda ga shi a jere ba sai an yi makin takardu ba. Maƙalar ba ta goyi bayan haka ba. Da zarar amsa ta zama maki, ɗalibi zai daina nuna abin da yake zato, ya koma neman abin da na kusa ya danna, wani ma ya shigo da wayar abokinsa da bai zo ba. Malami ya rasa ainihin abin da ya zo nema. In dole ne a ba da maki, a ba da shi a kan halarta da amsawa.

Sunaye da sakamakon da aka shigar kuma suna zaune ne a rumbun kamfanonin da ke wajen ƙasar. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaron da bai kai shekara 18 ba, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi da ta ambata. Hanya mai sauƙi ga malamin sakandare ita ce ya shigar da lambar rajista a madadin cikakken suna, ya riƙe jerin sunayen a littafinsa. A Plickers wannan ba ya buƙatar wani ƙarin aiki, tunda kowane kati da lambarsa ya zo.